Mai Tukku a Gonar Pinkham

Pruitt Harbor, Maine
9 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo Odile,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina samun sauƙi. Yaya ƙugun? Ɗanki Remy ya ce kin fara takawa da sanda har bakin ƙofa, kuma kin kori matar da ke koya miki tafiyar. Don Allah ki daina korar ta. Tunda kin ce ba kya jin komai a waya, ga labarin Asabar a takarda kamar yadda na yi miki alkawari.

Mu goma sha ɗaya muka fita yawon kallon tsuntsaye, karo na farko ke nan ba ke a gaba ba. Iska daga arewa, sanyi har cikin haƙori, ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina taɓo. A kan duwatsun gindin hasumiyar fitila mun ga agwagin teku arba'in da uku. Baba Eben ya ce hamsin ne. Na sake ƙirgawa, arba'in da uku ne. Baƙaƙen tsuntsayen nan masu jan kafaɗa sun dawo fadamar Alden, maza kaɗai tukuna, suna ta ihu a kan kara. Farar mujiya ba ta koma arewa ba, tana nan a tudun yashi.

Babban madubinki na hangen nesa ni na ɗauka. Ƙafarsa ɗayan nan har yanzu tana zamewa, sai an murɗa ta baya kaɗan kafin a ɗaure, yadda kika koya mini. Mutum uku suka gwada, ya kusa kifewa. Ni kaɗai na iya.

Yanzu maganar Maribel Cantu, malamar kiɗan makarantar firamare, wadda ta zo daga Texas ta fara bin mu kafin sanyi. Gwaggo, ban san yadda zan faɗa ba tare da na zama mai ƙorafi ba. Ba ta san sunan komai ba. Zalɓe “dogon nan mai fushi” take ce masa. Amma ita ta fara ganin mujiyar. Ina tsaye ina bin tudun yashi da madubi ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata, ita kuwa tana ba Baba Eben labarin yadda motarta ta maƙale a taɓo. Sai kawai ta juya ta ce, “Wa ya yar da farar leda a can? La! Jama'a, ledar tana da ido!” Kowa ya kwashe da dariya, kowa ya ruga wajenta.

Kin san al'adarmu, duk wanda ya ga tsuntsun da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, shi ke sayen kek ɗin tuffa a shagon Dot kowa ya ci. Ita da yake komai sabo ne a idonta, duk Asabar sai ta saya. Ni rabona da sabon tsuntsu a gaɓar nan tun ina sakandare. Wato na yi shekara huɗu a jami'a ina karatun tsuntsaye, na dawo, ana yi wa wata tafi don ba ta taɓa ganin agwagwa ba.

Muna cikin ci Baba Eben ya ce tunda likita ya hana ki hawa duwatsu, a taron ƙungiya na Afrilu za a zaɓi wanda zai riƙa jan tawagar Asabar. Ni na ɗauka maganar ba ta kai ga zaɓe ba. Tun ina 'yar shekara bakwai nake bin bayanki. Sai Dot ta ɗago daga bayan kanta ta ce, “Ai ga Maribel nan, ita ke fito da mutane daga bargo.” Ina jin wasa take yi. Amma ba wanda ya ce wasa ne.

Maribel ta ce in gaishe da “Gwaggo Odile”. Na ce mata ke yayar mahaifina ce. Ta ce ta sani.

Ki riƙa shan maganinki. A gaida Remy da yara.

'Yarki,
Lorna


Bangor
14 ga Maris

Lorna 'yata,

Na sami takardarki, Allah ya yi albarka. Ƙugu yana nan. Na ƙarfe ne, kuma ya san ba nawa ba ne. Daga tagar ɗakin nan abin da nake gani wurin ajiye motoci ne da hankaki biyu. Ɗayan na raɗa masa Eben, don ba ya rufe baki.

Arba'in da uku na yarda. Eben tun yana saurayi yake ƙara bakwai a kan komai, har kifin da ya kama.

Maganar zaɓe, ba ni zan zaɓa ba, ba gadon gidanmu ba ne. Yawon Asabar na waɗanda ke barin gadonsu cikin sanyi ne su zo. Kin fi kowa sanin tsuntsu a garin nan, har ni a yanzu, wannan ba abin gardama ba ne. Amma in tambaye ki, sabbin nan biyu da suka zo, mata da miji, yaya sunansu? Ba ki rubuto ba. Maribel ta rubuto, har da sunan karensu.

E, tana rubuto mini. Saki fuskarki, daga nan ina ganin ki. Rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda, agwagwa ma dinya ta kira ta, amma in na karanta sai in ji warin gishiri a hancina. Naki kuwa in na karanta nakan san ainihin abin da ke wurin. Duka biyun nake so. Tsohuwa ce ni mai kwaɗayi, kuma an kulle ni.

An ce iskar gabas za ta taso mai ƙarfi. In ta lafa ki duba gonakin bayan fadama. Teku kan jefo abin da ba a yi zato ba.

Ki sa hula. Kunnuwanki irin na ubanki ne, ba sa jure sanyi.

Gwaggonki,
Odile


Pruitt Harbor
23 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki yana ƙara kyau. Ki yi haƙuri in takardar nan ta yi tsawo. Ina so in faɗi abin daidai yadda ya faru.

Iskar ta zo kamar yadda kika ce, ta lafa ranar Juma'a. Ranar Asabar bayan mun gama da fadama na ce zan leƙa gonar Pinkham, inda shanu suke. Sauran suka wuce shagon Dot saboda sanyi. Maribel ta ce za ta raka ni. Ban gayyace ta ba.

Mun isa bakin shinge na sunkuya ina ɗaure ƙafar madubi. Sai ta damƙi hannuna har na ji zafi, ta ce, “Lorna, Lorna, ga wata can mai gashi a tsaye kamar wadda ta tashi daga barci!” Kafin in ɗago karen gonar ya taso da gudu. Abin da na gani tsuntsu ne ya riga ya tashi, rana tana bayansa. Fukafukai masu faɗi, bakinsu a zagaye, baƙi da fari, yana kaɗa su a hankali kamar mai shanya tsumma. Ya haye bishiyoyi ya ɓace. Ba mu sami hoto ba.

Ta fara zayyana mini. Tukku siriri dogo mai lanƙwasa sama. Baya kore mai sheƙi. Ƙirji baƙi, ciki fari, ƙarƙashin wutsiya ja-ja kamar tsatsa. Gwaggo, kin san wadda take nufi. Mai tukkun nan ce ta Turai, wadda hotonta ke manne a jikin firijinki tun ina yarinya, wadda kika ce ko sau ɗaya ba ki taɓa jin an gan ta a gaɓarmu ba. Ni da na haddace kowane gashinta, ina sunkuye ina fama da ƙafar madubi. Ita kuwa ta tambaye ni, “Ana yawan ganin ta?”

A shagon Dot ta sayi kek kamar kullum, ta ba da labari da hannu da ƙafa. Baba Eben ya bari ta gama, sannan ya ce, “Malama, littafin tsuntsayen da kika saya, kin kai shafin 'yan Turai ke nan?” Aka yi 'yar dariya. Ya ce sabon shiga yakan ga abin da ya karanta jiya da dare. Sai ya juyo gare ni ya ce, “Lorna, kina wurin. Kin gani?”

Na ce, “Ban ga tukku ba. Ba zan iya cewa ita ce ba.”

Ya ture farantinsa gefe ya ce shi ba ya cin kek ɗin tsuntsun da ba shi da shaida. Ɗaya bayan ɗaya aka ajiye cokula. Maribel ta yi dariya ta ce, “Haba Baba, ai kek ɗin bai yi laifin komai ba.” Ba wanda ya taya ta. Ta tsaya kaɗan, ta roƙi Dot kwali, ta ce za ta kai wa malamai ranar Litinin. Ni ma ban ci ba. Ban saya ba kuma, domin ba zan lissafa tsuntsun da ban ga alamarsa ba.

Da muka fito Baba Eben ya dafa kafaɗata ya ce, “Jinin Odile ke nan. Zaɓen nan an gama shi.”

Gaskiya na faɗa. Ban ga tukku ba, rana tana idona, abin bai wuce ƙiftawa biyu ba. A jami'a an koya mana kada ka ce ka ga abin da ba ka gani ba, ke ma haka kika koya mini. To me ya sa tun ranar ba na iya cin abinci sosai? Don Allah ki ce mini gaskiya na faɗa.

'Yarki,
Lorna


Bangor
28 ga Maris

Lorna,

Na ga takarda. Gaskiya kika faɗa, amma rabinta.

Eben ya tambaye ki kin gani, sai kika lissafa masa abin da ba ki gani ba. Fukafukan fa? Masu faɗi, bakinsu a zagaye, baƙi da fari, ana kaɗa su kamar tsumma. Zauna ki faɗa mini wane tsuntsu ne a jihar nan mai tashi haka. Ni na kwana ina nema ban samu ba. Kin rubuto mini wannan a takarda, a shagon Dot kuwa kin bar shi a aljihu. Ban ce ki rantse a kan tukku ba. Ko kusa.

Ke yarinya ce, ba ki san Lyle Dunphy ba. Ya taɓa cewa ya ga wani tsuntsu a kan duwatsu, ba hoto, ba shaida. Daga ranar ko hankaka ya ce ya gani sai wani ya ɗaga madubi ya duba. Ya jure shekara ɗaya ya daina zuwa. Har ya mutu ban sani ba ko ya gani ko bai gani ba. A cikinmu in aka ce kana ƙirƙiro tsuntsu, ba a korar ka, daina jin ka kawai ake yi.

Maribel ba ta rubuto ba makon nan. Hankakin ma ɗaya ya daina zuwa. Ba zai yiwu a bar ni da hankaka Eben kaɗai ba.

Ki ci abinci. Ba na son shirme.

Gwaggonki


Pruitt Harbor
6 ga Afrilu, da safe

Gwaggo,

Ina gaisuwa. A cikin mota nake rubuta wannan, a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi abin da kika ce. Na sami Baba Eben na faɗa masa maganar fukafukan. Ya ce fukafukai ba tsuntsu ba ne, kuma me ya hana ni faɗa a ranar. Maribel ba ta zo Asabar biyun nan ba. Mun ragu zuwa shida, kuma ba mai magana sai ni, ina faɗin sunaye. A shagon Dot kowa kofi ya sha ya tafi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne tun ranar, kullum kafin in tafi aiki a laburare, ina bin gonakin bayan fadama ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba don in wanke ta nake nema ba. So nake in gani da idona.

Yau na same ta. Gonar masarar da ruwa ya kwanta a ciki, bayan tsohon coci, a hanyar Quarry. Tana tsaye a bakin ruwan ita kaɗai. Gwaggo, tukkun ya fi na hoton tsawo. Bayanta in ta juya sai koren ya koma shunayya ya dawo. Takan yi gudu kaɗan ta tsaya, ta karkata kai, ta buga ƙafa ɗaya a taɓo, ta ciro tsutsa. Ƙarƙashin wutsiyar ja-ja kamar tsatsa, daidai yadda Maribel ta faɗa. Duk abin da ta faɗa daidai ne, ba ta ƙara ko gashi ɗaya ba. Na ɗauki hotuna, sun fita tas.

Na san doka. Ke kika sa ni haddace ta: in ka sami baƙon tsuntsu ka kira mutane nan take, ka tsaya a kansa har su zo. Na ciro waya na riƙe. Ban kira ba.

In na kira, tsuntsuwar ta Maribel ce. Ita ta fara gani, sunanta za a rubuta, haka tsarin yake, kuma daidai ne. Ni na yi mako biyu cikin taɓo har gwiwa, ita juya kai kawai ta yi. Za a ce yarinyar da aka ƙaryata ta yi gaskiya, za a ɗauke ta a ka, ranar Alhamis kuma zaɓe. Ni kuma in zama wadda tana wurin ta ƙi buɗe baki. Yawon Asabar ɗin nan shi kaɗai ne abin da na tabbata nawa ne tun da na dawo. Wuraren da na nemi aikin tsuntsaye duk shiru. Ke ma yanzu raba ki muke yi.

In na bari sai Juma'a, hoton dai yana nan, sunanta zai wanku, ba wanda ya yi asara. Haka nake ta faɗa wa kaina. Sai dai in tsuntsuwar ta tashi kafin nan. Baba Eben ya kusa tamanin, bai taɓa ganin ta ba.

Ke na rubuta wa domin takarda sai ta kwana uku a hanya. Kafin ki karanta an gama zaɓe. Na san abin da wannan ke nufi game da ni, ba sai kin faɗa ba. Zan je in jefa ta a akwatin gidan waya yanzu kafin in sake tunani.

Lorna


Pruitt Harbor
7 ga Afrilu

Gwaggo Odile tawa!

Gaisuwa da runguma, amma a hankali saboda ƙugu. Ki yafe mini shirun da na yi. Kunya ce ta kama ni, har littafin tsuntsayen na sa a ƙarƙashin gado don kada in gan shi. Na fara tunanin ko dai idona ne ya yi mini wasa. Amma zauna ki ji!

Jiya wajen tsakar rana ina aji da 'yan aji uku, kowa da sarewa a baki, kin san irin ƙarar, kamar ana yanka agwagi ashirin. Sai ƙofa ta buɗe. Lorna ce, taɓo har gwiwa, hula a karkace, fuska kamar wadda ta zo kai saƙon mutuwa. Ba gaisuwa ba komai. Ta ce, “Tana nan. Ɗauko rigarki.” Na ce wa? Ta ce, “Mai gashin da ta tashi daga barci.” Gwaggo, na bar yaran a hannun shugabar makaranta da sarewarsu, Allah ya ba ta lada.

A mota ta riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace. Can ta ce, “Ba don kina burge ni ba ne.” Na ce, “Na sani, 'yar'uwa.” Ta ce, “Ni ba 'yar'uwarki ba ce.” Na ce to. Ta miƙo mini wayarta ta ce in kira Baba Eben da bakina, wai tsuntsuwata ce.

Muka isa gonar, wayam! Ba komai sai ruwa da kututturen masara. Lorna ta ce da safe ta gan ta, ta tafi ta bar ta, kuma bai kamata ta bar ta ba. Na ce ai kina da hoto, ya isa. Ta ce bai isa ba, an kira tsoho. Ta kafa madubinki, ta murɗa ƙafar nan tata ta sihiri, ta fara bin kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, ko numfashi ba ta yi. Ni ina ta waige-waige ina jiran sa'ata ta saba, sa'ar ta ce yau tana hutu. Motar Baba Eben ta riga ta shigo kwana sannan Lorna ta ce, “Kunya ta tara, bayan dutsen. Zo ki duba.” Kan tukkun kaɗai ya leƙo. Ko shekara zan yi a wurin ba zan gan shi ba.

Baba Eben da silifas ɗin gida ya zo! Ya sa ido a madubi ya daɗe, sannan ya cire hularsa cikin wannan iskar. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce sanyi ne. Ya ce mini, “Malama, akwai wani kek da ban ci ba.” Na ce malamai sun cinye, Baba, sai dai ka yi kuka.

Kafin la'asar motoci sun cika hanyar Quarry, har daga Portland. Lorna ba ta motsa daga wurin ba har rana ta faɗi. Duk wanda ya zo ta saita masa madubi, yaro ta sauke masa, dogo ta ɗaga masa, kuma kowa sai ta ce masa, “Maribel Cantu ta fara ganin ta, ran ashirin da ɗaya ga Maris, a gonar Pinkham.” Kamar mai karanta sanarwa. Na ce ta daina, ta ce haka abin ya faru.

Dot ta buɗe mana shago da yamma. Da na ciro jaka Lorna ta ce in mayar, ni na riga na saya, yau ita ce ta ga sabon tsuntsu. Rabonta da sayen kek wai tun tana sakandare! Ta miƙe a gaban kowa ta ce ranar farko ta ga fukafukan kuma ba ta faɗa ba. Ta zauna ta ci yanka biyu ba ta kalli kowa ba. Baba Eben uku ya ci, ya ce biyu ne.

Abu ɗaya ban gane ba. Ta ce akwai takardar da ta jefa miki jiya da safe, ta koma ta roƙi mai gidan waya ya dawo mata da ita, ya ce abin da ya shiga akwati ya shiga. Daga can ta wuto makaranta. Ban san abin da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. Ko mene ne, ki haɗa da tawa ki karanta.

Taki har kullum,
Maribel


Bangor
10 ga Afrilu

Lorna 'yata,

Takardu biyu suka zo rana ɗaya. Ta Maribel na fara buɗewa don ta fi kauri, kuma na gode wa Allah da haka. Taki na karanta sau ɗaya na sa a murhu.

Madubin naki ne, ko wa aka zaɓa. Da ma ba na ƙungiya ba ne.

Ba wanda ya faɗa mini yadda tukkun yake yi in iska ta buso. Ki rubuto.

Gwaggonki


Pruitt Harbor
13 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, na gode da madubin.

In iska ta buso daga baya tukkun yakan kifo gaba har ya kusa taɓa bakinta, sai ta juya ta fuskanci iskar ya koma daidai. Ta tashi ranar Laraba da safe, ta yi gabas. Da na jira Juma'a da ba wanda ya gan ta.

Maribel aka zaɓa. Ni dai kaina na jefa wa ƙuri'a, kada ki ɗauka na zama waliyyiya. Bayan taro ta zo ta ce ko zan ara mata madubin ran Asabar. Na ce ba a aron sa, inda ya je nan nake zuwa. Ta ce abin da take nufi ke nan. Ran Asabar mu goma sha tara muka fita, tana gaba tana surutu, ina baya ina gyara sunaye. Shaho mai kamun kifi ya dawo sheƙarsa ta bakin gada. Ita ta fara ganin sa, ta ce masa gaggafa.

Sabbin nan biyu Hal da Noreen ne. Karen Biskit.

Maribel ta nuna mini takardar da kika aiko mata. Shafi biyu ce, gaba da baya. Tawa ko rabin shafi ba ta kai ba. Ba ƙorafi nake yi ba, faɗa kawai na yi.

'Yarki,
Lorna